Ubangida Ɗaya Ko Zauren Jama'a: Ina Sabon Marubuci Zai Kai Rubutunsa A Gyara?

 

Akwai tambayar da ba ta ƙarewa a wannan zaure. Kusan duk wanda ya shigo sabo, bayan gaisuwa da gabatar da kai, abin da yake fara cewa shi ne, "Don Allah wa zai riƙe ni ya koya mini rubutu?" Kafin a ba shi amsa sai wani ya turo talla: an buɗe ajin koyon rubutun labari a WhatsApp, mako huɗu, ga kuɗin rajista, a ƙarshe za a ba da takardar shaida. Sai mai tambaya ya tsaya a tsakiya. Kuɗin datarsa ba yawa, lokacinsa ba yawa, ga kuma labarin da ya kwashe wata shida yana bugawa da babban yatsa a waya. Ya nemi mutum ɗaya ya miƙa masa wuya, ko ya shiga cikin taro a riƙa gyara shi tare da wasu?

Mu dai matsayinmu ba ɓoyayye ba ne. Sabon marubuci ya fara da taro, ƙaramin taro mai doka, ya ajiye neman ubangida ko uwar ɗaki sai ranar da ya kammala littafi tun daga farko har ƙarshe. Amma da yake mun san akwai manyanmu a nan da suka tashi a hannun mutum ɗaya kuma suka yi albarka, bari mu fara ba wa wancan ɓangaren haƙƙinsa.

Duk wanda zai kare tsarin ubangida a adabin Hausa da Abubakar Imam zai fara, kuma yana da hujja. A 1933 ne Rupert East, Baturen da ke kula da Hukumar Fassara a Zariya, ya zagaya garuruwan Arewa yana neman malamai su gwada rubuta ƙagaggun labarai da boko. Daga wannan gasa aka samu Ruwan Bagaja na Imam, da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai kuma Jiki Magayi. Lokacin Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina, shekarunsa ashirin da biyu, wato sa'an da yawa daga cikinmu ne. A 1936 aka ɗauko shi zuwa Zariya, East ya tara masa littattafan labarai na Larabawa da na Indiya da na Turai, suna tattauna yadda ake gina labari, shi kuma yana rubutawa. Abin da ya fito daga wannan zama shi ne Magana Jari Ce, littafi uku, wanda har yau babu ɗalibin Hausa da zai ce bai san shi ba. Da aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Imam ɗin ne ya zama editanta na Hausa.

To, wa zai ƙi irin wannan? Amma a lura da abu ɗaya da masu kawo wannan misali suke tsallakewa. East albashi ake biyansa don ya yi wannan aiki, shi ne aikinsa na safe da yamma. Imam kuma sai da aka ɗauke masa koyarwa na tsawon watanni don ya zauna ya yi rubutu. Marubucin da muke bi yau muna roƙon ya riƙe mu, ma'aikaci ne ko ɗan kasuwa, ko uwa mai yara huɗu da girki, kuma yana da nasa littafin da bai gama ba. A ce labarinka shafi 300 ne, a ce mai dubawa yana karanta shafi goma a awa ɗaya idan zai tsaya ya yi maka gyara na gaskiya. Awa talatin ke nan. Idan mutum ashirin suka turo masa irin wannan, ina zai kai su? Shi ya sa amsar da aka fi samu ita ce, "Na gani, ya yi kyau, Allah ya ƙara basira," bayan wata uku ana jira. Ba mugunta ba ce, lissafin ne bai fita ba.

Duk da haka akwai aikin da mutum ɗaya ne kaɗai zai iya yi, kuma ba za mu ɓoye shi ba. Dogon labari sai wanda ya karanta shi gaba ɗaya a ɗan ƙanƙanin lokaci ne zai ga inda ya karye. Shi ne zai tuna cewa a babi na uku an ce mahaifin tauraruwa ya rasu tana goye, sai ga shi a babi na ashirin yana karɓar sadaki. Shi ne zai ce maka labarin nan a babi na biyar ya fara, huɗun farko share fage kawai kake yi, ka zubar da su. Shi ne zai gane cewa duk taurarinka, tsoho da yaro, malami da ɗan daba, da murya ɗaya suke magana, wato muryarka. Kuma idan kun daɗe tare zai san cutarka ta asali, wadda take dawowa a kowane rubutu, ya daina ɓata lokaci a kan ƙananan alamominta. Ga kuma mai kunya, wanda in aka gyara shi a bainar jama'a zai ajiye alƙalami har abada. Irin wannan yana bukatar wanda zai gaya masa gaskiya a keɓe.

Matsalar ita ce hannun da ya iya gyara ya iya shafe ka. A cikin littattafai biyar ɗin can, Jiki Magayi da sunan mutum biyu ya fito, John Tafida da East kansa. A nan dai an yi adalci, an rubuta sunan mai gyaran tunda hannunsa ya shiga sosai. A Amurka an yi wani labari da ya fi wannan ɗaci. Raymond Carver, wanda ake lissafawa cikin gwanayen gajeren labari a can, yana da edita mai suna Gordon Lish wanda ya ɗaga shi tun ba a san shi ba. Da za a fitar da tarin labaransa na 1981, Lish ya yanke fiye da rabin abin da Carver ya rubuta, ya sauya sunayen wasu labaran, ya sauya yadda wasu suka ƙare. Carver ya rubuta masa doguwar wasiƙa yana roƙon a dakatar da littafin, amma littafin ya fito yadda Lish ya so, kuma shi ne ya ƙara fito da sunan Carver duniya. Sai a 2009, shekara ashirin da ɗaya bayan rasuwarsa, aka buga labaran yadda ya rubuta su tun farko. Har yau masana suna gardamar wanne ya fi. Mu abin da ya dame mu shi ne, idan babban mutum mai littattafai a kasuwa ya kasa hana ubangidansa, ina ga yarinya 'yar shekara goma sha tara da ta turo labarinta na farko tana rawar jiki?

Kuma mu tarbiyyarmu ta ƙara wa abin nauyi. An koya mana ba a musu da babba, kuma tarbiyya ce mai kyau a gida da makaranta. A rubutu kuwa dole wata rana ka ce, "Malam, na ji, amma wannan wurin haka nake son sa." Mu nawa ne za mu iya faɗa wa wanda yake duba mana kyauta haka? Sai ka ga marubuci ya yaye almajirai goma, duk gomansu da irin buɗewarsa suke buɗe labari, da irin karin maganarsa suke rufewa, har inda yake sa alamar motsin rai nan suke sawa. Ana gane 'yan gidan wane tun daga sakin layi na farko. Wasu suna ɗaukar wannan abin alfahari. Mu muna ganin an yi asarar murya goma ne, aka samu murya ɗaya sau goma sha ɗaya.

Akwai kuma maganar da ba a son yi a fili, amma tunda mata sun fi yawa a cikin masu rubutun Hausa na yanzu, dole a yi ta. Koyarwar mutum ɗaya a waya ta bayan fage ake yin ta, babu mai gani. Mun sha jin ƙorafin 'yan uwa mata da suka tura labari don gyara, aka fara da maganar jigo da salo, aka koma tambayar hoto da kiran dare. Mun kuma sha jin wanda ya tura labari aka ce masa bai yi ba, bayan shekara ya ga ƙashin bayan labarin nasa a wani wuri da wani suna. Ba mu ce duk masu taimako haka suke ba, mafi yawansu don Allah suke yi, kuma mun amfana da su. Amma tsarin da amincinsa ya dogara kacokan a kan halin mutum ɗaya, ba shi ne za mu fara tura ƙannenmu ba. Labarin da aka karanta a gaban mutum bakwai yana da shaidu bakwai da ranar da aka karanta shi.

Yanzu mu dawo kan taro. Babban abin da taro yake da shi wanda babu ubangidan da zai ba ka shi ne yawan sani. Marubuci komai ƙwarewarsa rayuwa ɗaya ya yi. A taron mutum bakwai kuwa za ka iya samun ma'aikaciyar jinya da za ta ce maka ba haka ake ƙarin jini ba, ba a ɗibar jinin miji a ɗura wa mata nan take ba tare da gwaji ba. Za ka samu wanda ya yi karatun addini ya tambaye ka ina iddar matar nan da aka saka ranar Talata ka ɗaura mata aure ranar Juma'a. Za ka samu Basakkwace ya yi dariya ya ce Sakkwatancin da ka sa a bakin tsohon nan na wasan kwaikwayo ne, babu mai yin sa a Sakkwato, ko 'yar Damagaram ta ce a can sefa ake kashewa, me ya kai naira cikin cefanen gidan? Za ka samu tela ya ce yadi biyu ba ya yin babbar riga. Waɗannan su ne ƙananan ramukan da mai karatu yake faɗawa ya daina yarda da kai, kuma idan ya daina yarda da kai a kan yadi, ba zai yarda da kai a kan hawayen tauraruwa ba.

Ƙa'idojin rubutu ma a taro suka fi shiga. Ɓata lokacin babban marubuci ne a ce shi zai zauna yana raba maka "yace" ta koma "ya ce", "zamu" ta koma "za mu", "shine" ta koma "shi ne", yana haɗe maka "gidan sa" ta koma "gidansa". Wannan aikin sa'o'inka za su yi maka shi, kuma idan aka yi wa mutum ɗaya a gaban kowa an yi wa kowa. Ranar da aka karanta wa wani jimlarsa da ƙarfi yadda ya rubuta ta, "baki sun cika daki", aka tambaye shi bakin wa, kuma wa aka daka, daga ranar babu wanda ya ji da zai sake raina ƙugiyar ƙ da ɗ. Haka bambancin "akan" ta sabo da "a kan" ta wuri: akan zauna a kan tabarma. Sau ɗaya ake yin wannan gardamar a zauna lafiya.

Sai dai abin da muka fi ɗauka da muhimmanci shi ne wanda ba a cika faɗa ba: a taro, ranar da ake duba rubutun wani ka fi koyo a kan ranar da ake duba naka. Ranar naka zuciyarka tana bugawa, kana neman hanyar kare kanka, rabin abin da aka faɗa ba ka ji ba. Ranar na wani kuwa hankalinka a kwance yake. Dole ka nemo dalilin da ya sa shafi na biyu ya gundure ka, ka sa masa suna, ka faɗe shi yadda mai shi zai gane. Kana cikin bayanin cewa ta kwashe shafi guda tana siffanta falo da kujeru da labule alhali babu abin da ya faru, sai ka tuna naka falon na babi na ɗaya. Wanda yake hannun ubangida karɓar gyara kawai yake yi, ba a taɓa ba shi damar ya gyara wani ba, don haka idon da zai duba nasa rubutun da shi yakan daɗe bai buɗe ba. Kuma wannan idon shi ne abin da ake nema, domin ranar da za ka zauna kai kaɗai da littafinka na biyar babu kowa a gefenka.

Tarihinmu ma bai bar mu babu misali ba. A Kano an yi ƙungiyar Hikima ta su Mudi Sipikin da Hausa Fasaha ta su Aƙilu Aliyu, inda mawaƙa suke haɗuwa suna karanta wa juna waƙoƙi. Daga baya, lokacin da kamfanonin ɗab'i suka ja baya, sai ga Raina Kama ta su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu da Ɗan'azumi Baba. Waɗannan ba su jira wani East ya zo ya ɗauko su ba. Sun haɗa kai suka koyi hanyar maɗaba'a da hanyar kasuwa, suka fitar da littattafansu da kansu, har abin ya girma ya zama wanda masana suka yi shekaru suna muhawara a kansa a jaridu, wasu suna kiransa Adabin Kasuwar Kano. Ko me mutum zai ce game da ingancin wasu littattafan wancan zamani, ba don wannan haɗin kai ba da yawancinmu ba mu tashi mun tarar da littafin Hausa a hannun yayyenmu ba. ANA reshen Kano ma ta daɗe tana zaman karatu inda sabon marubuci zai tashi ya karanta a yi masa tsokaci. A Yuganda akwai ƙungiyar marubuta mata mai suna Femrite da aka kafa a tsakiyar shekarun 1990, wadda take da zaman karatu duk ranar Litinin a Kampala. Ɗaya daga cikin 'ya'yanta, Monica Arac de Nyeko, ta ci kyautar Caine ta gajeren labari a 2007.

To amma kada wani ya karanta wannan ya ce ai shi ke nan, yana cikin guruf goma sha biyu, ya gama samun makaranta. Yawancin abin da muke kira taro ba taron gyara ba ne, taron sambarka ne. Mutum ɗari biyar a wuri ɗaya, ka turo shafi, a zubo maka sitika da "Allah ya ƙara basira" da "muna jiran ci gaba". Addu'a abu ne mai kyau, muna so, amma ba ta gaya maka cewa zancen da ke tsakanin Hajiya da kishiyarta ya yi tsawo ba. Wanda kuma ya yi ƙarfin hali ya ce akwai gyara, nan take masoyan marubuciya za su taso masa: hassada ce, in ya iya ya rubuta nasa. Sai ya yi shiru, gobe ma ba zai ƙara ba. Daga nan sai a koma biki, in ka yaba nawa in yaba naka.

Ga wata illar da ta fi wannan ɓoyuwa. Wanda yake sakin labari shafi-shafi yana karanta ra'ayin masu bibiya kafin ya rubuta na gaba, a hankali su ne suke rubuta labarin. Sun ce kada a kashe wane, sai a fasa kashe shi ko da mutuwarsa ce ginshiƙin labarin. Sun ce a ƙara wa muguwar uwar miji azaba, sai a ƙara babi biyar na azaba. Shi ya sa labarai da yawa suke kama da juna, attajirin saurayi mai taurin kai, talakar yarinya mai haƙuri, auren dole da ya rikiɗe ya zama soyayya. Ubangida yana mayar da kai kamarsa, babban taro kuma yana mayar da kai kamar kowa, kuma ba mu san wanne ya fi muni ba. Masu karatu suna da haƙƙi a kanmu, amma masu karatu daban, masu gyara daban.

Su kuma azuzuwan kuɗi, tambaya ɗaya za ka yi kafin ka biya: a cikin makonnin nan, sau nawa za a karanta abin da ni na rubuta a yi magana a kansa? Idan amsar ita ce malami zai turo darasi da murya, a ƙarshe a yi jarrabawa, to lacca ce. Lacca tana da amfaninta, za ka ji ma'anar jigo da zubi da tsari, amma wannan ko a littafin sakandare za ka samu. Takardar shaidar kuwa, ba mu taɓa jin alƙalan wata gasa sun tambaye ta ba. Gasar Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016 labari take karɓa, kalma 1,000 zuwa 1,500, kuma abin da ke cikin waɗannan kalmomi shi ake dubawa.

Taron da muke nufi ƙarami ne, mutum biyar zuwa bakwai, waɗanda matakinsu bai yi nisa da juna ba, kuma kowa yana kawo rubutu. Wanda ba ya kawo nasa ba shi da bakin gyara na wani. A Jami'ar Iowa ta Amurka, inda aka kafa shahararren zauren horar da marubuta tun 1936, an san su da wata al'ada: lokacin da ake tattauna labarinka, kai shiru za ka yi kana rubuta abin da ake faɗa, sai an gama a ba ka dama. Wasu a can suna sukar wannan al'ada yanzu, suna cewa tana danne wanda ya fito daga al'adar da sauran ba su sani ba. Sukar tana da ma'ana a wurinsu. A wurinmu da kowa ya san abin da ake nufi da lefe da zaman takaba, muna ganin dokar za ta yi mana magani, domin cutarmu ita ce kare kai. Ana cewa wurin nan bai fito ba, sai marubuci ya yi tsalle ya ce ai abin da yake nufi kaza ne. To ai ba za ka bi kowane mai karatu gida ka yi masa bayani ba. In mutum uku cikin shida ba su gane ba, shafin ne bai faɗa ba.

Kuma in an duba, ba sai mun je Amurka aron tsari ba. Duk wanda ya taɓa zama a makarantar zaure ya san yadda ake yi. Malam yana zaune, ɗalibai sun kewaye shi, kowa da littafinsa, wani Ahalari, wani Iziyya, wani Risala. Idan layi ya zo kanka kai kaɗai za ka karanta, kai za a fassara wa, kai za a gyara wa, amma kowa yana ji. Mai ƙaramin littafi yana tsintar na manya tun kafin ya kai, mai babban littafi yana maimaita na baya ba tare da ya sani ba. Karatun na mutum ɗaya ne, zaman na jama'a ne, kuma babu abin da ake yi a ɓoye. Wannan shi ne amsar da za mu ba manyan marubutan da suke son taimakawa amma lokaci ya hana su: maimakon ku karɓi labari ashirin ta bayan fage ku kasa karantawa, ku ba ƙaramin taro awa biyu a wata, ku gyara labari biyu a gaban kowa. Mutum bakwai sun amfana, ku kun huta, kuma babu wanda zai yi muku zargin komai.

Idan aka yi shekara ana wannan, aka rubuta gajerun labarai aka yaga, aka kai ga kammala dogon littafi, to lokacin neman mutum ɗaya ya yi. Kuma a lokacin ba almajiri mai neman a riƙe shi ne zai je ba, marubuci ne mai takamaiman buƙata. Ka nemi wanda ka karanta littattafansa da gaske, ba wanda ya fi yawan mabiya ba. Ka gaya masa abin da kake so ya duba: tsakiyar labarin ce take ja, ko ƙarshen ne bai gamsar ba. Ku yi magana a kan lokaci. In da hali ka biya shi, ko kaɗan ne, domin aikin awa talatin ba abin a ce na gode kawai ba ne, kuma wanda ya biya ya fi samun bakin cewa wannan gyaran bai karɓa ba. Ku rubuta a saƙo cewa labarin naka ne, gyara shawara ce. 'Yan uwa mata kuma babu laifi ko kaɗan a ce za a saka mutum na uku a cikin tattaunawar, yaya ko ƙawa ko wata daga cikin taronku. Mai niyyar alheri ba zai ji haushin wannan ba.

Mun san akwai wanda zai ce shi a ƙauyensu ko unguwarsu babu marubuci ko ɗaya, ina zai samu mutum shida? Ai ga su nan a wannan zaure, shi ya sa muka kawo maganar nan. Shawarar da muke gabatar wa shugabanni ita ce daga wata mai kamawa a raba masu sha'awa gida-gida, kowane gida mutum shida, a gauraya garuruwa da sana'o'i da gangan, kada a bar abokai su taru wuri ɗaya. Duk mako mutum biyu za su turo labarin da bai wuce kalma 1,500 ba ranar Litinin, sauran su karanta, ranar Asabar da daddare a tattauna. Kowane mai tsokaci ya faɗi wuri ɗaya da ya kama shi da dalili, da wuri ɗaya da ya sake shi da dalili, ya nuna layin. Mai labari ba zai ce komai ba sai kowa ya gama. Ba a fitar da rubutun wani daga gidan ba da izninsa ba. Bayan wata uku a sake gauraya gidajen don kada a saba da juna har a fara jin nauyi. Wanda ya turo sitika a madadin tsokaci, ranar nasa labarin sitika za a tara masa.

Masu so su rubuta sunansu da garinsu da abin da suke yi ban da rubutu a ƙasa, kafin ranar Alhamis.